Raba da Takwas: Gwanintar Masu Awon Gudun Sabis

Duk mai riƙe da babbar waya a Sabon Birni ko Isa, a gabashin jihar Sakkwato, ya san haruffan nan da ke fitowa a samanta, kusa da sandunan sabis. In ta nuna 4G, sai a gyara zama a buɗe bidiyo. In ta koma H, a yi maneji. In kuwa ta kafe a kan E, sai dai a tura saƙon a jefa wayar aljihu, a je a yi alwala a dawo. Wannan sani ne na yau da gobe, kowa yana da shi. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da nasu sanin ya zarce nan. Ka nuna musu hoto ka ce wayar tana kan E, za su faɗa maka sakan nawa zai ɗauka kafin ya tafi, kuma ba duba suke yi ba, lissafi ne.

Ba wuri ɗaya ake samunsu ba. Akwai injiniyan da ke zagayen ƙarafan sabis da jakar kwamfuta a baya. Akwai mai gyaran waya a rumfar bakin kasuwa, da yaron da ke tura wa mutane fina-finai da wa'azi a mimori, da mai shagon kwamfutar da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da dattijon da ya yi aiki da kamfanin tarho na NITEL tun ana juya lambar tarho da yatsa. Abin da ya haɗa su shi ne iya ɗaukar lambar da aka rubuta da tsohon ma'auni a jikin na'ura ko a takardar kwangila, irin su E1, T1, 56k ko 9,600, su mayar da ita abin da mutum zai yi aiki da shi: megabayit nawa ke wucewa a sakan ɗaya, mutum nawa za su yi magana lokaci guda, minti nawa za a jira. Ba a ba da satifiket a kan wannan gwaninta, mai ita ma ba shi da wani suna na musamman. Duk da haka tana da ƙa'idoji, kuma ta isa a tsaya a dube ta.

Mutanen bakin iyakar Nijeriya da Nijar sun fi kowa saurin gane tushen matsalar. Wanda ya saba shiga Maraɗi ko Gidan Rumji ya san cewa in mai kaya ya ce masa "ashirin", dala ashirin yake nufi, kowace dala kuwa sefa biyar ce, watau sefa 100 ke nan. Jaka a can sefa 1,000 ce, a nan kuwa naira 200. Baƙo yakan ji lambar daidai, amma ya ɓace a lissafi, don bai tambayi abin da ake ƙirgawa ba. Haka lambobin sadarwa suke. Ninkawa da rabawa ɗan aji huɗu ma ya iya. Gwani shi ne wanda tun kafin ya taɓa kalkuleta ya san me lambar take ƙirgawa, me aka cusa a cikinta, me kuma aka bari a waje.

Ƙaramin b da babban B

Ƙwayar farko ita ce bit: amsa ɗaya tak, i ko a'a, 1 ko 0. Masanin lissafin nan na Amurka, Claude Shannon, shi ya yayata ta a matsayin ma'aunin bayani a 1948. Bit takwas in sun haɗu su ne bayit ɗaya, gwargwadon abin da harafin boko guda yake ci. Kamfanonin sadarwa da bit suke auna gudun layi, su rubuta shi da ƙaramin b: kbps, Mbps. Waya da kwamfuta kuwa da bayit suke auna girman hoto da fim, da babban B: kB, MB, GB. Ninki takwas ne tsakaninsu, kuma yawancin gardamar da ake yi a rumfunan waya daga nan take tasowa.

A ce ranar kasuwa ce, wani dattijo ya zo rumfar mai turi riƙe da wayarsa. Ɗansa da ke ci-rani a Legas ya aiko masa da bidiyon suna, megabayit 40. An gwada masa gudun sabis an ga Mbps 8, amma abin ya ƙi sauka.

"Kai ɗana, mi yas sa wagga aba ba ta tahiya? An ce mini takwas takan ɗauka duk sakan, arba'in kuwa ai takwas biyar ne."

"Baba, lissafinka daidai ne, ma'aunin ne ba ɗaya ba. Takwas ɗin can na gudu ne, sai an raba shi gida takwas. Ka ga guda ɗaya ke nan take ɗauka duk sakan. Ka ba ta sakan arba'in. Yau kuma kasuwa, mutane sun cika kan ƙarfen, ka ƙara mata minti guda."

Abu uku yaron ya yi a numfashi ɗaya. Ya gane ma'aunin, ya raba da takwas, sannan ya yi ragi saboda cunkoso. Masu gogewa ma sukan raba da goma a maimakon takwas in suna lissafin gaggawa, don sun san kowane ƙunshin bayani yana tafiya da adireshi da lambobin tantancewa waɗanda su ma suna cin gudu, ga kuma abin da ya lalace a hanya da sai an sake turo shi. Rabawa da goma ta fi sauƙi a ka, kuma amsarta ta fi kusa da abin da ido zai gani.

Da wannan ƙa'ida ake warware harafin E. Tsarin EDGE yake nufi, wanda aka ɗora a kan sabis na 2G, kuma iyakar abin da yawancin wayoyi suke samu a kansa shi ne kilobit 236.8 a sakan. A raba da takwas, kilobayit 29.6 ke nan. Hoto mai megabayit 3 zai ci sakan 101, in komai yana tafiya lafiya kuma ba kowa a kan layin. Modam ɗin 56k da aka fara shiga intanet da shi ta layin tarho a ƙarshen shekarun 1990 kuwa kilobayit 7 yake ja a sakan, hoton nan zai ɗauke shi minti bakwai da 'yan kai.

Inda 64 ta samo asali

Tsofaffin ma'aunan sadarwa a kan muryar ɗan Adam aka gina su, domin lokacin da aka tsara su magana ce hajar da layi yake ɗauka. Layin tarho yana wucewa da sautin da ke girgiza tsakanin sau 300 zuwa 3,400 a sakan, aka cike shi zuwa 4,000 don a bar sarari. Akwai ƙa'idar da ake jinginawa ga Harry Nyquist da Shannon, wadda ta ce in ana so a mayar da sauti lambobi ba tare da ya lalace ba, sai a riƙa auna shi aƙalla ninki biyu na saurin girgizarsa. Shi ya sa ake auna murya sau 8,000 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da bit takwas. A ninka, bit 64,000 ke nan a sakan. Wannan shi ne gurbin kira ɗaya, kuma duk wanda ya riƙe wannan lamba ya riƙe mabuɗin sauran.

Wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, shi ya fito da dabarar yana aiki a Faris, aka yi mata rajista a 1938. Na'urorin zamaninsa ba su kai su ɗauke ta da araha ba, sai da taransisto ya zo. A 1962 kamfanin Bell na Amurka ya fara aiki da layin T1, wanda ke jera kira 24 a kan waya ɗaya. Kira 24 sau bit takwas 192 ne, a ƙara bit guda na alamar farkon jeri, 193. A ninka sau 8,000, a sami 1,544,000, watau Mbps 1.544.

Turai ta bi tata hanyar. Ta jera gurbi 32, kowanne kilobit 64, jimla 2,048,000, watau Mbps 2.048. Wannan shi ne E1. Gurbin farko na daidaita tafiyar jerin ne, akwai kuma wani a tsakiya, mai lamba 16, da aka keɓe wa sigina, watau lambar da aka buga da ƙarar kira da ajiye waya. Saura 30 na magana. Nijeriya da Nijar, kamar sauran ƙasashen Afirka, tsarin Turai suka ɗauka. Don haka in aka shigo da na'urar gwanjo daga Amurka aka ga an rubuta T1 a bayanta, mai sani zai ce a dakata, don gurabenta da gudunta ba su dace da namu ba sai in tana da wurin sauya tsari.

Sunan E1 ɗaya ne, amma amsarsa uku ce. Abin da ke gudana a kan waya gaba ɗaya kilobit 2,048 ne. In aka cire gurbin farko aka ba da sauran 31 ga data, 1,984 ne. In aka cire na sigina ma, 1,920 ne. A raba kowanne da takwas, a sami kilobayit 256, da 248, da 240 a sakan. Fim mai gigabayit ɗaya zai ci awa guda da minti bakwai a kan ta tsakiyar. Shi ya sa in ka tambayi gwani "E1 nawa ne?" yakan mayar maka da tambaya: "Me za ka ɗora masa?"

Matashin da ya buɗe ido a zamanin 4G zai yi dariya in ya ji bankuna da manyan ofisoshi sun taɓa biyan kuɗi masu nauyi don hayar layi mai Mbps 2. Mai sani ba zai taya shi dariyar ba. E1 yana ba da gudunsa cikakke zuwa da dawowa a lokaci guda, dare da rana, kuma ba a raba shi da kowa. Lambar da ake tallata 4G da ita kuwa iyakar abin da za a iya samu ce, ta saukowa ta fi ta hawa, kuma duk wanda ke ƙarƙashin ƙarfen yana da rabo a cikinta. Mayar da lambobin biyu ma'auni ɗaya bai mayar da su haja ɗaya ba, kuma faɗin hakan ga mai saye yana cikin aikin.

A gindin ƙarfe

Kafin 2001, layukan tarho masu aiki a Nijeriya duka ba su wuce 400,000 da wani abu ba. A Janairun shekarar hukumar kula da sadarwa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dalar Amurka miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Babu wayar ƙasa abin dogaro da za ta haɗa garuruwa, don haka kamfanonin suka kafa tasu hanyar ta iska. Farin faifan nan da ake gani a maƙale a jikin ƙarfen sabis yana fuskantar wani ƙarfen, shi ke ɗaukar kiran gari ya miƙa gaba, daga ƙarfe zuwa ƙarfe har cibiya. A Janairun 2003 shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da irin wannan hanya ta MTN mai tsawon kilomita 3,400. Abin da ke gudana a cikin waɗannan faya-fayai a wancan zamani da E1 ake ƙirga shi: mai huɗu, mai takwas, mai goma sha shida.

A leƙa ɗakin ƙarfen da ke gindin turken. Janareto yana ruri a waje, injiniya ya tsuguna gaban akwati, kwamfuta a kan gwiwa, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Shugabansa ne daga birni yake cewa a ƙara rediyo biyu a fuskar da ke kallon kasuwa, don kira yana yankewa duk ranar da ta ci. Injiniyan ya ja biro ya yi lissafi a bayan kwali. GSM yana matse murya zuwa kilobit 13, a sa ta a ma'ajin kilobit 16, don haka kira huɗu ke shiga gurbin 64 guda. Kowace rediyo tana da layi takwas, gurbi biyu ke nan take ci. Ƙarfen yana da fuska uku, kowace da rediyo huɗu, 12 ke nan, gurbi 24. Sigina da kula da na'ura sun ɗauki huɗu, 28. E1 kuwa 31 yake bayarwa.

"Yallaɓai, ba za su shiga ba. Biyun nan gurbi huɗu suke so ban da siginarsu, uku gare mu. Sai an buɗe mana E1 na biyu, kuma a duba ko ƙarfen da ke gabanmu yana da sararin wucewa da shi."

Maganarsa ta ƙarshe ita ce ta mai hangen nesa. Ƙarfen da ke bakin iyaka sau da yawa shi ne na ƙarshen jeri, duk abin da ya tara sai ya bi ta kan na gabansa, shi ma ya bi ta kan na gaba. Ƙara rediyo a ƙarshe ba tare da an lissafa hanyar duka ba, ɗaukar cunkoson ne a kai shi wani gari. Daga lissafin nan kuma ake gane cewa layin Mbps 2 kacal yana iya riƙe kira kusan 90 a lokaci guda, abin da ya ishi gari guda magana a shekarun farko.

Yau yawancin hanyoyin sun koma irin tsarin intanet, ana ƙirga su da megabit kai tsaye, amma tsofaffin lambobi suna nan a jikin na'urori da cikin fayiloli. In aka ce za a ɗora 4G a kan ƙarfen da faifansa ke ɗauke da rubutun E1 goma sha shida, dole wani ya zauna ya ninka: 16 sau 2.048, Mbps 32.768, kimanin megabayit 4 a sakan ga gari duka. Daga nan ne za a san cewa sauya eriyar sama kaɗai ba ta wadatar ba. Wayoyi za su nuna 4G da sanduna cike, amma bidiyo ya riƙa tsayawa, don ƙofar fita ƙarama ce.

Inda ninkawa ke yaudara

Wanda ya koyi E1 yakan ɗauka sauran matakan ninkawa ce kawai. E1 huɗu ya kamata su ba da Mbps 8.192, amma E2 8.448 ne. Goma sha shida 32.768 ne, amma E3 34.368 ne, mai ɗaukar kira 480. Sittin da huɗu 131.072 ne, amma E4 139.264 ne. A ɓangaren Amurka ma haka: T1 guda 28 sun kama 43.232, amma T3 44.736 ne, mai kira 672.

Rarar ba ta mai haya ba ce. Kowane layi da agogonsa yake zuwa, kuma agogon wannan gari da na wancan ba sa bugawa daidai ɗari bisa ɗari. Kafin a haɗa su a babban layi sai an yi wa mai jinkiri ciko da bit na banza, a kuma sa alamar da za ta nuna wa na'urar can gaba wanne ne ciko don ta zubar. Wanda ya raba 34.368 da 2.048 ya ga 16 da ɗoriya ya zaci akwai ragowar da zai sayar, ya sayar da abin da babu.

A ƙarshen shekarun 1980 aka fito da tsarin da ke bin agogo ɗaya, wanda matakinsa na farko shi ne STM-1. Lissafinsa yana da daɗi: jeri 9 sau 270 na bayit, 2,430 ke nan, sau bit takwas, sau 8,000 ɗin nan dai na murya, a sami Mbps 155.52. A bayit, megabayit 19.44 a sakan. Amma E1 guda 63 yake ɗauka, kira 1,890, watau Mbps 129.024. Sauran ya tafi wajen adireshi da sa ido a kan lafiyar layi. In aka raba kai tsaye za a ce 75 zai ɗauka, a yi alƙawarin goma sha biyun da ba su da wurin zama.

Bod, da dubu mai ƙari

Akwai ma'aunin da ya girmi duk waɗannan, shi ne bod, wanda aka sa wa sunan Émile Baudot, Bafaranshen da ya tsara haruffan tangarahu masu alama biyar a 1874. Bod yana ƙirga sau nawa sigina take sauyawa a sakan. Injin teles na gidan waya da bankunan zamanin da yana gudu a kan bod 50. Kowane harafi yana cin alama biyar, da guda ta farawa, da ɗaya da rabi ta tsayawa, bakwai da rabi ke nan. A raba 50 da 7.5 a ninka da 60, haruffa 400 a minti.

A irin wannan inji sauyi ɗaya bit ɗaya yake ɗauka, shi ya sa mutane suka saba haɗa bod da bit. Daga baya aka koyi ɗora bit da yawa a kan sauyi guda. Modam mai 9,600 a kan bod 2,400 yake gudu, kowane sauyi da bit huɗu. Mai 14,400 ma bod 2,400 ne, da bit shida. Sannan ga igiyar da injiniya ke haɗa kwamfutarsa da akwatin na'ura, wadda galibi ake saita ta a kan 9,600. Ita kowane bayit yana tafiya da bit na farawa da na tsayawa, goma ke nan. A nan rabawa da goma ita ce ainihin ƙa'ida: bayit 960 a sakan, ba 1,200 ba.

Sai kuma rigimar dubu. A wajen masu sadarwa kilo 1,000 ne cif. A wajen masu ƙera ma'ajiyar kwamfuta kuwa an daɗe ana kiran 1,024 kilo, don kwamfuta da bibbiyu take ƙirga. A 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta ware wa na 1,024 sunayensu daban, amma har yau ana cakuɗa su. Shi ya sa mimori mai gigabayit 32 yake nuna 29.8 a kwamfuta, mai saye ya dawo yana cewa an yi masa ƙwange, mai turi kuma ya zaunar da shi ya nuna masa cewa kamfani da dubu ya ƙirga, kwamfuta da 1,024. Akwai ma wani tarko a jikin E1 kansa. Lambar 2,048 ta yi daidai da 1,024 sau biyu, sai wasu su zaci daga can ta fito, su ce E1 megabit biyu ne cif. Daga 32 sau 64,000 ta fito. Bayit 256,000 ɗinsa, in aka auna da kilon kwamfuta, 250 ne.

Mai rubuta Hausa yana da nasa rabon a wannan lissafi. Saƙon tes bayit 140 ne, bit 1,120. In haruffan da tsarin GSM ya tanada ne kaɗai a ciki, kowanne bit bakwai yake ci, a sami haruffa 160. Da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, wayar takan sauya wa saƙon duka tsari, kowane harafi ya koma cin bit 16, sai 70 kawai su shiga. Saƙo mai haruffa 100 ya zama biyu, a cire kuɗin biyu. Mai gyaran wayar da ya san wannan zai warware wa mutum abin da ya daɗe yana zargin kamfani a kansa.

Amfaninta a bakin iyaka

A birni, inda sabis yake a wadace, kuskuren lissafi ɗan jinkiri kawai yake jawowa. A gabashin Sakkwato abin ya wuce haka. Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka jihar Maraɗi saboda hare-haren 'yan bindiga, gida ɗaya ya rabu ƙasa biyu, waya ta zama hanyar jin lafiyar juna. A Satumbar 2021, bayan an rufe sabis a Zamfara, gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe shi a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Mutane suka riƙa tafiya neman inda sabis yake, na kusa da iyaka suka dogara da layukan Nijar, irin su Airtel da Moov da Zamani, inda siginarsu ta ƙetaro.

Mutumin da ya sami sanda ɗaya ta minti biyu yana buƙatar sanin abin da zai shige ta. Minti guda na magana a GSM kilobayit 97.5 ne. Hoto mai megabayit 3 ya kai nauyin saƙon tes sama da 21,000. Wanda ya san haka zai ce wa ɗan'uwansa ya bar hoton, ya rubuta maganar, ya tura ta tukuna. Haka ma lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da ciniki ya koma kan tiransifa da na'urar POS. Bayanin da POS ke aikawa ɗan kaɗan ne, ko E ta ishe shi. In ya ƙi tafiya, mai sani yakan nemi matsalar a cunkoson ƙarfe ko a ɓangaren banki, ya hana mai shago zubar da kuɗi wajen sayen sabuwar na'urar da ba za ta canza komai ba.

Abin yabo a wajen waɗannan mutane shi ne ba sa barin lamba ta ba su tsoro, ba sa kuma barin ta ruɗe su. Da yawansu a bakin aiki suka koya, daga maigida zuwa yaro, wasu kuma sun haɗa da karatun kwalejin fasaha ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ilimin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, kuma malamin lissafi zai iya koyar da shi da wayar da ke aljihunsa. Tambayoyi huɗu ne ginshiƙinsa. Bit ne ko bayit? Dubu ne ko 1,024? Nawa ne kaya a ciki, nawa ne ciko? Mutum nawa ke rabon layin? Ana ta yi wa yankunan karkara alƙawarin intanet mai gudu, kuma da lambobi ake yin alƙawarin. Duk ranar da wakilin kamfani ko na gwamnati ya tsaya gaban jama'a ya ce an kawo wa gari megabit kaza, garin yana buƙatar mutum ko da ɗaya ne da zai ɗaga hannu ya yi tambayoyin nan, ya raba da takwas, ya sake rabawa da yawan masu waya, sannan ya faɗa wa mutanensa da Hausa abin da kowa zai samu.